Albatros na Tsibiran Crozet: Yadda Tsuntsu Ke Cin Dubban Kilomita da Saɓanin Iska

A kudancin Tekun Indiya, fiye da kilomita 2,000 kudu da Madagaska, akwai wasu 'yan tsibirai mallakar Faransa da ake kira Crozet. Babu gari a cikinsu, babu ko itace guda, sai ciyawa da duwatsu da ruwan sama da iskar yamma wadda da wuya ta kwanta. Mutanen da ke zaune a wurin su ne masu bincike da ma'aikatan tashar Alfred Faure da ke tsibirin Possession, kuma a wannan tsibiri ne aka shafe fiye da shekara hamsin ana bibiyar rayuwar wani tsuntsun teku da Turawa ke kira albatros mai yawo. A cikin tsuntsayen da ke raye a yau babu wanda ya kai shi tsawon fukafukai: daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan yakan haura mita 3, kuma mafi girma da aka tabbatar da awonsa, wanda aka kama a 1965 a tekun da ke gabas da Ostareliya, ya kai mita 3.63. Nauyinsa yakan kama daga kilo 6 zuwa 12, namiji ya fi mace.

Ƙwai ɗaya tak macen ke sakawa, kuma kwancinsa yana ɗaukar kusan kwana 80. Ita da namijin suna yin karɓa-karɓa ne: ɗaya ya zauna a sheƙa ba ci, ɗayan ya tafi teku neman abinci, sai ya dawo sannan na zaune ya tashi. Abincin kuwa a warwatse yake a faɗin tekun, kifi nan, wani naman ruwa can, tsakaninsu tafiya mai nisa. Idan mai kiwon ya daɗe fiye da yadda na zaune zai iya jure yunwa, dole a bar ƙwan, kuma wahalar shekarar ta tashi a banza. Saboda haka saurin tafiya da arharta su ne ginshiƙin rayuwar wannan tsuntsu.

A 1989 wasu masana biyu na Faransa, Pierre Jouventin da Henri Weimerskirch, suka ɗaura wa 'yan tsirarun tsuntsayen Possession ƙananan na'urori masu aika saƙo ga tauraron ɗan'adam, suka buga sakamakon a mujallar Nature a 1990. Abin da ya fito ya wuce duk ƙiyasin da ake yi a da. A fita kiwo guda ɗaya, tsakanin barin sheƙa da komowa, tsuntsayen sun ci daga kilomita 3,600 zuwa 15,000. Gudunsu yakan kai kilomita 80 a awa, kuma akwai ranar da tsuntsu zai shafe kilomita 900. Suna tafiya da rana, suna kuma tafiya da dare, musamman idan akwai farin wata.

Shekara goma bayan haka, a 2000, Weimerskirch da abokan aikinsa suka ƙara da na'urar auna bugun zuciya. Sun tarar cewa idan iska tana zuwa wa tsuntsun daga baya ko daga gefe, bugun zuciyarsa a cikin tafiya bai fi na wanda ke zaune a ƙasa yana hutawa da wani abin kirki ba. Inda zuciyar ke bugawa da ƙarfi shi ne wurin tashi daga kan ruwa, lokacin da dole ya yi gudu yana kaɗa fukafukai, sai kuma idan ya fuskanci iska gaba da gaba na dogon lokaci. Ke nan ga halitta mai nauyin kilo 10 tana tsere da mota a kan teku dare da rana, jikinta kuwa kamar na mai hutawa. Ƙarfin tafiyar daga wani wuri yake zuwa, kuma gano wurin shi ne jigon wannan nazari.

Amsar da za ta fara zuwa wa mutum ita ce iska ce ke ɗauke da shi, amma wannan amsa ba ta isa ba. Duk wanda ya taɓa kallon ungulu ko shirwa suna kewaya a sararin kasuwa da hantsi ya ga tsuntsu na shawagi ba ya kaɗa fiffike. Su abin da ke riƙe su iska ce mai zafi da ke tashi sama daga ƙasar da rana ta gasa. Suna zamewa ƙasa a hankali a cikin iskar da ke hawa da sauri fiye da zamewarsu. A kan tekun Crozet mai sanyi babu irin wannan iska mai tashi da za a dogara da ita. Iskar da ke can a kwance take gudu, daga yamma zuwa gabas, kuma iska mai gudu a kwance, komai ƙarfinta, idan gudunta ɗaya ne ko'ina, ba ta da abin da za ta ba tsuntsu. Da zarar ya rabu da ƙasa ya shiga cikinta, tare suke tafiya, kamar fasinjan da ke zaune a cikin jirgin ƙasa wanda a wurinsa iskar cikin taragon a tsaye take. Zai yi ta zamewa ƙasa kamar yadda zai yi a ranar da ko ganye ba ya motsi, sai dai wurin da zai faɗi ya bambanta.

Masanin kimiyyar Ingila Lord Rayleigh, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 1904, shi ne ya fayyace wannan a wata gajeriyar wasiƙa da aka buga a Nature a 1883. Ya nuna cewa duk tsuntsun da aka ga ya daɗe a sama ba ya aiki da fukafukansa, ɗayan uku ne ke faruwa: ko dai yana sauka a hankali, ko iskar tana tashi sama, ko kuwa iskar ba iri ɗaya ba ce daga wuri zuwa wuri. Na ukun shi ne lamarin albatros. Abin burgewa a nan shi ne Rayleigh ya kai ga wannan da tunani da lissafi kawai, shekara ashirin kafin jirgin sama mai inji ya fara tashi, kuma fiye da shekara ɗari kafin a sami na'urar da za ta bi tsuntsun ta gaskata shi.

Saɓanin iska, wato bambancin gudunta tsakanin wani hawa da wani, abu ne da kowa ya sani a jikinsa. A lokacin hunturu mutum yakan tsuguna a bayan katanga ya ji lafiya lau, amma yana miƙewa kansa ya wuce katangar sai iska ta nemi tafiya da hularsa. Tsakanin gwiwarsa da kansa akwai iska biyu. Haka yake a kan teku. Iskar da ke gogar ruwa tana rage gudu, wadda ke sama da ita ta fi ta sauri, kuma mafi yawan wannan bambanci yana cikin 'yan mitocin farko ne daga saman ruwan. Albatros yana rayuwarsa a wannan siririn fili, tsakanin doron ruwa da kimanin mita 10 zuwa 20, yana kai-komo daga iskar ƙasa zuwa ta sama, kowane zagaye kamar daƙiƙa 10.

Don a ga yadda kai-komon ke haifar da riba, a ɗauka iskar ƙasa a tsaye take cak, ta sama kuma tana gudun kilomita 20 a awa, a kuma ajiye turjiyar iska gefe na ɗan lokaci. Tsuntsu yana tafe a ƙasa da gudun kilomita 60, sai ya ɗaga ya shiga iskar sama yana fuskantarta. Nan take iskar da ke bi ta kan fukafukansa ta zama 80, nasa 60 da nata 20, ba tare da ya yi komai ba. A can sama sai ya karkata ya juya ya ba iskar baya. A cikin iskar da yake ciki gudunsa na nan 80, amma tun da ita kanta tana tafiya da 20, mai kallo daga jirgin ruwa zai gan shi yana gudun 100. Da wannan 100 zai gangaro ya faɗa cikin iskar ƙasa mai tsayuwa, wadda ita ma yanzu za ta bi ta kan fukafukansa da gudun 100. Ya juya a ƙasa, ya sake fuskantar inda iskar ke fitowa, ya sake hawa. Ya fara zagayen da 60, ya gama da 100, ribar ninki biyu na gudun iskar. Gudun da hawa ke ci, gangarowa tana mayar masa da shi. A zahiri turjiyar iska tana cinye ribar, kuma tana ƙaruwa sosai yayin da gudu ke ƙaruwa, don haka tsuntsun yakan tsaya a gudun da riba da asara suka yi kunnen doki. Wannan daidaito shi ne tafiyar da aka gani a binciken da aka buga a 1990.

Ba daga babu ribar ta fito ba. Duk lokacin da ya juya a sama, fukafukansa suna dannar iska mai sauri suna rage mata gudu kaɗan. Idan ya juya a ƙasa kuma suna tura iskar da ke kwance gaba kaɗan. Yana ɗiba ne daga bambancin da ke tsakaninsu. Jirgin takarda da yara ke saki yana tsayawa a sama ne saboda zare ya haɗa shi da ƙasa, wadda ba ta tafiya tare da iska. A tsinke zaren a ga yadda zai bi iska ya faɗo. Kwale-kwale mai filafilai shi ma tsakanin abu biyu yake aiki, ruwa da iska. Albatros ba shi da zare, ba ya kuma taɓa ruwa idan yana shawagi, sai ya mai da nauyin jikinsa abin da ke haɗa iskar biyu, yana ɗauko gudu daga wannan ya kai wa waccan. A ganina wannan ne ainihin abin da ya kamata a riƙe a cikin lamarin gaba ɗaya, domin shi ke bayyana dalilin da ya sa nauyi, wanda ake ɗauka cikas ne ga mai tashi, ya zama jari a wurin wannan tsuntsu.

Ginin jikinsa ya dace da aikin. Fukafukansa dogaye ne sirara, akasin na ungulu masu faɗi waɗanda suka dace da kewaya a hankali, kuma a duk mita ɗaya da ya zame ƙasa yana cin kimanin mita 20 gaba. Masanin tashin tsuntsaye na Birtaniya Colin Pennycuick, wanda ya yi aiki a tsibirin South Georgia da ke kudancin Tekun Atlantika, ya bayyana a 1982 cewa akwai wata jijiya a kafaɗar albatros da ke kulle fiffike idan ya miƙe, ta hana shi ɗagawa sama da kafaɗa, ta yadda riƙe shi a buɗe ba ya cin ƙarfin tsoka sosai. Wannan na daga abin da ke bayyana kwanciyar bugun zuciyar nan.

Pennycuick ɗin ne kuma ya tayar da wata tambaya mai nauyi a 2002. A lissafinsa, ƙaruwar iska a hankali daga ƙasa zuwa sama a kan shimfiɗaɗɗen ruwa ba ta kai ta biya kuɗin tafiyar ba. Sai ya jawo hankali ga igiyoyin ruwa. A wannan teku igiya takan tashi mita da yawa, kuma a bayan kowace akwai kwari inda iska ke lafawa, daidai da bayan katangar nan. Tsuntsun yana bi ta cikin kwarin, sai ya ɓullo ta saman igiyar ya ci karo da cikakkiyar iska a lokaci guda. Philip Richardson na cibiyar nazarin teku ta Woods Hole a Amurka ya gina lissafinsa na 2011 a kan wannan hoto na hawa biyu, ya kuma samu cewa iskar da ba ta wuce kilomita 13 a awa ba tana iya riƙe albatros a sama. A 2012 kuma Gottfried Sachs na jami'ar fasaha ta Munich a Jamus da abokansa suka fitar da sakamakon na'urorin GPS masu ɗaukar matsayi sau 10 a daƙiƙa, waɗanda aka ɗaura wa tsuntsaye a tsibiran Kerguelen, gabas da Crozet. Sun ga zagayen ƙarara da gaɓoɓinsa huɗu: hawa ana fuskantar iska, juyi a sama, gangarowa tare da iska, juyi a ƙasa. Amma su suka ce a juyin sama ne tsuntsun ke samun mafi yawan ƙarfinsa.

An yi ta musayar rubutu a kan wannan, wasu na cewa wurin ƙetare iyakar iska biyu ne ake samun ribar, wasu na cewa wurin juyi ne. Idan aka koma ga misalin lambobin da ya gabata za a ga kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Mai auna iskar da ke bi ta kan fiffike zai ga ƙari ne a wurin ƙetarewa, daga 60 zuwa 80, daga 80 zuwa 100. Mai auna gudu daga doron ruwa zai ga ƙarin a wurin juyin sama, daga 60 zuwa 100. Inda mai awo ya tsaya shi ya raba su. Abin da ya fi wannan muhawara amfani shi ne binciken da wasu masana na jami'ar MIT ta Amurka suka buga a 2017, wanda ya nuna cewa idan saɓanin iskar siriri ne, kamar na bayan igiya, juyi cikakke na komawa baya ba shi ne mafi riba ba. Gara tsuntsu ya riƙa yin 'yan lanƙwasa marasa zurfi, dama da hagu, yana tafiya a gicciye da iska. Haka kuwa sawun tsuntsayen gaske yake, kamar tafiyar maciji a kan rairayi, kuma shi ya sa iskar gefe ta fi musu daɗi.

Hanya mafi ƙarfi ta gwada bayani irin wannan ita ce a cire tsuntsun a sa wani abu a madadinsa, kuma an yi hakan. A ranar 24 ga Oktoba 1974, Ingo Renner, matuƙin jirgi marar inji haifaffen Jamus mazaunin Ostareliya, wanda daga baya ya ci gasar duniya sau huɗu, ya lura a garin Tocumwal cewa babu iska a ƙasa, amma a tsayin kimanin mita 300 akwai iska mai gudun kusan kilomita 70 a awa. Aka ja jirginsa ƙirar Libelle zuwa sama da wannan iyaka aka sake shi. Ya gangaro tare da iskar ya faɗa cikin iska mai tsayuwa, ya yi juyi mai tsanani, ya sake hawa yana fuskantarta, ya yi ta maimaitawa har kimanin minti 20 bai rasa tsayinsa ba, sai dai iskar tana ta jan sa nesa da filin da ya taso. Irin wannan yanayi ba kasafai ake samunsa ba, kuma juyin yana matsa wa jikin matuƙi, shi ya sa dabarar ba ta zama ruwan dare a manyan jirage ba.

Inda ta yi kaka-gida shi ne wurin masu ƙananan jirage marasa inji da ake sarrafawa da rediyo daga ƙasa. Tun ƙarshen shekarun 1990 suka gano cewa bayan tsauni mai kaifin doro wuri ne da iska ke rabuwa biyu, mai ƙarfi tana wucewa ta sama, ta ƙasa kuma a lafe. Suna kewaya jirgin cikin da'ira a karkace, yana ƙetare iyakar sau biyu a kowane zagaye. A ranar 19 ga Janairu 2021, a tsaunin Parker da ke arewa da Los Angeles a jihar Kaliforniya, na'urar rada ta auna jirgin Spencer Lisenby yana gudun kilomita 882 a awa, wato kusan gudun jirgin fasinja mai inji, alhali jirgin nasa ba shi da inji ko farfela. Lissafin Richardson ya nuna irin waɗannan jirage suna iya kai wa kusan ninki goma na gudun iskar da ke kaɗawa. Albatros ba zai taɓa kusantar wannan ba, domin ƙashi da tsoka ba za su ɗauki matsin irin wannan juyi ba, kuma shi abinci yake nema, dole ya ga abin da ke kan ruwa. Amma ƙa'idar da Rayleigh ya rubuta ita ce ke aiki a bayan tsaunin da bayan igiyar.

Dogaro da iska har haka yana da farashi, kuma a Crozet an ga fuskokinsa biyu. Idan iska ta ɗauke, tsuntsun yakan sauka ya zauna a kan ruwa yana jira, domin kaɗa irin waɗannan fukafukai na dogon lokaci ya fi ƙarfinsa. Hatta hanyar da yake bi iska ce ke tsara ta: binciken 2000 ya nuna waɗanda suka nufi arewa daga tsibirin suna yin babban zagaye ta hannun hagu, waɗanda suka nufi kudu kuma ta hannun dama, don a tafiya da komowa iskar ta kasance a gefe ko a baya. Mata sun fi zuwa arewa, maza kudu, kuma a ruwan arewa ne jiragen kamun kifin tuna ke shimfiɗa dogayen igiyoyi masu dubban ƙugiyoyi, irin mamarin masunta amma na kilomita masu yawa. Tsuntsaye suna haɗiyar ƙugiya wurin cin koto su nutse, kuma wannan ne aka danganta da raguwar yawansu a Crozet a shekarun 1970 da 1980.

A 2012 Weimerskirch da abokansa suka buga a mujallar Science abin da bayanan shekara arba'in suka nuna. Iskar yamma ta tekun kudu ta ƙara ƙarfi, ta kuma matsa kudu wajen Antatika. Tsuntsayen Crozet sun bi ta, wuraren kiwonsu sun karkata kudu, gudunsu ya ƙaru, kuma fita kiwo a lokacin kwanci ta ragu daga kwana 12 da ɗoriya a shekarun 1970 zuwa ƙasa da kwana 10. Na zaune a sheƙa ya rage daɗewa da yunwa, ƙwan da ke kai wa ga ɗan tsako mai tashi ya ƙaru, kuma maza da mata sun ƙara nauyin fiye da kilo 1. Ƙarin nauyin ma ya dace da sabon yanayin, tun da jiki mai nauyi ya fi cin moriyar iska mai ƙarfi. Masu binciken dai sun yi gargaɗin cewa wannan sauƙi na iya zama na ɗan lokaci. Hasashen yanayi yana nuna iskar za ta ci gaba da matsawa kudu, su kuwa tsuntsayen a tsibirin da aka ƙyanƙyashe su suke komawa su yi sheƙa, a wajen digiri 46 kudu da tsakiyar duniya. Idan tsakiyar iskar ta yi wa Possession nisa, mai kiwo zai fara tafiyarsa ya kuma ƙare ta a cikin iska mai rauni, yayin da abokin zamansa ke kan ƙwai yana ƙirga kwanaki.